Yarinyar Agwada da Lissafin Tsibin Doya

Na daɗe ina koyarwa, ɗaliban da suka bi ta hannuna ban san iyakarsu ba, fuskoki da yawa kuma sun ɓace mini. Amma akwai wata Laraba ta tsakiyar damina, da abin da ya biyo bayanta, wadda ba na jin za ta fita daga raina muddin ina numfashi.

Shekarata ta farko ke nan da fara koyar da lissafi a wata ƙaramar sakandare da ke Tudun Ƙofa a garin Keffi. Na fito daga karatun koyarwa kaina cike da bayanan masana: cewa yaro yana ɗora sabon ilimi ne a kan wanda ya zo da shi, cewa ana farawa da abin da hannu zai taɓa, a koma zane, sannan a kai ga alama. Duk na rubuta su a jarrabawa, na ci maki mai kyau. Amma da aka ba ni 'yan aji ɗaya, yara sun haura sittin, benci ɗaya mutum huɗu, sai na jingine duk wannan na koma ga yadda ni ma aka koyar da ni. In rubuta ƙa'ida a allo, in yi misali biyu, in sa su maimaita baki ɗaya, sannan in juyo in ce, "Kun gane?" Su kuma su amsa, "E, Malam!" har kwanon rufi ya ɗauka. Ba zan ɓoye ba, amsar nan tana yi mini daɗi. Ita nake tafiya gida da ita a matsayin shaidar na yi aiki.

A layi na uku, jikin taga, akwai wata yarinya da ba ta wuce shekara goma sha uku ba. Ba ta da surutu. Hausarta tana da ɗan nauyi irin na wanda ya fara da wani harshen a gida, wataƙila shi ya ƙara mata shiru. Littafinta ya fi na kowa tsabta a ajin. Duk abin da na rubuta sai ta kwafe shi, har layin da nake ja a ƙarƙashin kwanan wata. In na yi tambayata ta kullum, ina ganin bakinta yana motsi tare da na kowa. Da na yi musu gwaji a kan girman fili da tsawon kewayensa, ta ci biyu cikin ashirin.

Bayan kwana biyu wata mata ta tare ni a bakin ƙofar makaranta, ta gaishe ni da ladabi, ta ce ita ce gwaggon yarinyar, a hannunta take, iyayen suna ƙauyen Agwada.

"Malam, uban yayana ne, kuma ya yi magana," in ji ta. "Ya ce in ta faɗi lissafi a wannan zangon aka ce ta maimaita aji, to ta tattara ta koma gida. Ba mugunta ba ce, wallahi. Uwarta ciwon baya ya sa ta gaba, ga ƙanne huɗu, ga gona. Ya ce bai ga dalilin da za a bar hannu biyu a Keffi suna kwafar abin da ba ya shiga ba."

Dokar makarantar kuwa haka take: wanda ya faɗi lissafi a zango na uku sai ya maimaita. Mako shida ya rage a fara jarrabawa. Na ce wa gwaggon ta kwantar da hankalinta, na ɗauki yarinyar a wuyana.

Abin da na yi shi ne abin da na iya. Kullum in an tashi sai in tsayar da ita rabin awa, in sake bayanin da na yi da safe, a hankali, da murya mai ƙarfi, kamar ƙarancin murya ne matsalar. Tsawo sau faɗi, girman fili. Tsawo da faɗi a haɗa a ninka biyu, kewaye. Ta maimaita ba gargada. In ce, "Kin gane?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "E, Malam." Mako biyu muna haka. Na sake gwada ta, ta ci uku. Inda aka nemi girma ta kawo kewaye, inda aka nemi kewaye ta haɗa rabin wannan da rabin wancan.

Ranar na shiga ofishin malamai raina a ɓace, na jefa takardar a tebur na ce wasu yaran kansu kawai ba ya ɗaukar lissafi. A kusurwa akwai babbar malamarmu ta lissafi, wata Hajiya 'yar tsohon gari, wadda shekara biyu ya rage mata ta yi ritaya. Tana ɓare dafaffiyar gyaɗa, ba ta ko ɗago ba.

"Malam ƙarami," haka take kirana, "wa ya gaya maka ta gane kafin ka wuce gaba?"

"Ita da bakinta, Hajiya. Kullum sai na tambaye ta."

"Ita da bakinta." Ta jinjina kai, ta tura mini gyaɗar. "Ci. Gobe Laraba, awa ta biyu taka ce ko? Ara mini minti goma."

Washegari an kwana ana ruwa, gari ya yi sanyi, yaran sun cika ajin. Hajiya ta shigo, suka miƙe suka gaishe ta, na koma baya na tsaya. Ta ɗauki alli ta zana fili mai kusurwa huɗu, ta rubuta shida a tsawo, huɗu a faɗi. Cikin natsuwa, da muryar da ba ta barin shakka, ta ce, "Tsawo sau faɗi. Shida sau huɗu, talatin." Ta rubuta talatin ɗin ƙato, ta ja masa layi biyu. Na buɗe baki, ta kalle ni ta saman tabarau, na rufe.

"Kun gane?"

"E, Hajiya!"

Ko ɗaya bai rage ba. Na bi tsakanin bencina ina leƙa littattafai: kowa ya rubuta talatin. Biyu ko uku daga cikin masu ƙoƙarin ajin sun ɗan rubuta ashirin da huɗu da fensir a gefe, ƙanana, kamar abin sata. Hajiya ta bar su suka gama, sannan ta ajiye allin.

"To, 'yan albarka. Shida sau huɗu nawa ne?"

Can wata murya daga baya ta ce, "Ashirin da huɗu."

"Kun sani ashe. Me ya sa kuka bar ni na faɗa rami kuna kallo?"

Wata mai wayo a gaba ta ce, "Ai ke ce, Hajiya." Ajin ya fashe da dariya, ita ma ta yi. Ni ne kaɗai ban yi ba. Ina tsaye a bayan aji ina lissafin sau nawa na tafi gida da wannan amsar ina murna, tun daga farkon shekara.

Da aka fita tara, Hajiya ta sa aka kira mata yarinyar, muka zauna mu uku a kan benci a gindin mangwaron da ke bayan ajin. Yarinyar ta durƙusa, Hajiya ta jawo ta ta zaunar kusa da ita.

"'Yata, ba duka ba zagi. In Malam ya tambaye ki ko kin gane, alhali ba ki gane ba, me ya sa kike cewa e?"

Ta daɗe tana murza bakin hijabinta. Da ta yi magana, ƙasa take kallo.

"A gidanmu, in babba ya yi bayani, ba a cewa ba a ji ba. Balle ya yi har sau uku. In na ce ban gane ba, kamar na ce Malam bai iya ba ne." Ta ƙara da cewa, "Kuma Malam yana gajiya. Har gumi yake yi saboda ni."

Na sha jin maganganu a rayuwata, amma kaɗan ne suka zauna mini kamar wannan. Mako biyu ina ganin yarinyar nan a matsayin wadda kanta ya toshe, ashe ita mutuncina take karewa, tana biya da karatunta. Hajiya ta yi kamar ba ta ga halin da nake ciki ba, ta canza magana.

"Me kuke nomawa a Agwada?"

"Doya, Hajiya. Da rogo, da gyaɗa."

"Ni 'yar birni ce, doya sai a tukunya nake ganinta. Yaya ake shuka ta?"

Nan na ga abin da ban taɓa gani ba: yarinyar ta ɗago kai. Ta yi bayanin yadda ake tara ƙasa tsibi-tsibi, a binne irin doya ɗaya a kowane tsibi, a jera su layi-layi, tsakanin wannan da wancan taku ɗaya. Hajiya ta ce ba ta gane ba, a nuna mata. Yarinyar ta tattaro duwatsu, ƙasa kuwa a jiƙe take, ta fara jerawa. Hajiya ta ce a yi mata layi shida, kowane layi tsibi huɗu. Kafin ta gama ajiye layi na biyu, Hajiya ta ce, "Iri nawa zan yanko wa wannan gonar?"

"Ashirin da huɗu," in ji ta, hannunta bai ko tsaya ba.

"Kin ƙirga ne?"

"A'a, ai layi shida ne, huɗu-huɗu."

"To, ga awakin maƙwabta sun dame ni. In zan yi shinge, tsibi ashirin da huɗu zan kewaye, don haka taku ashirin da huɗu ke nan?"

Yarinyar ta yi dariya, irin dariyar da ake yi wa baƙon da bai san gona ba. "A'a, Hajiya. Shinge ai ba ya shiga ciki. Gefe yake bi." Ta sa yatsa ta bi bakin gonar duwatsun tana ƙirgawa, shida, huɗu, shida, huɗu. "Ashirin."

Hajiya ta juyo gare ni. "Malam ƙarami, ga girman fili, ga kewaye. Ta zo da su daga gida. Kai kuma ka ba ta waƙa biyu masu kama da juna ka ce ta haddace." Ta miƙe tana karkaɗe zanenta. "Daga yau ka daina tambayar ko sun gane. Yaron kirki e zai ce maka ko da Sinanci ka yi. Ka ce a nuna maka."

Ban ce daga ranar komai ya gyaru ba. Duwatsu a gindin mangwaro daban, takardar jarrabawa da Turanci daban. Sai da muka bi matakan nan da na rubuta a makaranta ban taɓa aikatawa ba. Mako guda muna jera duwatsu da murafun kwalba, ajin gaba ɗaya, rukuni-rukuni. Daga nan muka koma zana gonar a takarda, kowane tsibi ya zama ɗan akwati. Sai daga baya na goge akwatunan na bar lambobi a gefe, kuma a ƙarshe ne haruffa suka shigo. Duk lokacin da ta rikice, tambaya ɗaya nake yi mata: "Shuka ake nema ko shinge?" Sai ta tsaya, ta duba, ta gyara da kanta. Haka muka bi da raba lamba da kashi-kashi, da tsinken tsintsiya da ɓawon gyaɗa, iya abin da lokaci ya ba mu.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne sa su su yi magana. Na gaya musu kullum zan yi kuskure ɗaya da gangan a allo, wanda ya kama shi ya ci. Kwana uku ina kuskure, suna kallona, suna kwafewa. Ba su iya cewa Malam ya yi kuskure ba, harshensu ba ya juyawa. A rana ta huɗu na rubuta bakwai sau takwas hamsin da huɗu, na tsaya ina jira. Ruwa yana dukan kwano. Sai na ga hannu ya ɗago a jikin taga, rabi-rabi, kamar mai shirin fasawa.

"Malam," in ji ta, da ƙyar ake ji, "kamar allin ne ya yi kuskure."

Yaran suka kwashe da dariya. Na ɗaga allin na harare shi na ce, "Kai, ka ji kunya. Gyara masa." Ta fito ta goge huɗun ta sa shida. Shi ke nan, ƙofa ta buɗe. Daga ranar duk laifin ajin ya koma kan alli. "Malam, alli ya tsallake layi." "Malam, alli ya yi sauri, a ce ya dawo baya." Na gane cewa wannan ta biyun ita ce hanyarsu ta cewa ba su gane ba, na kuma karɓe ta a haka. Ba wanda ya raina babba, ba wanda ya tafi gida da duhu. Wani malamin Turanci ya ce na lalata yara, har allinsa sun fara tuhuma. Hajiya ta ce masa ya sayi mai hankali.

Jarrabawa ta zo ta wuce. Hajiya ce ta duba takardun ajina, ni na roƙe ta, don na san zuciyata ba za ta yi adalci ba. Ana cin lissafi da maki arba'in. Yarinyar ta samu arba'in da shida.

Ranar ba da sakamako uban ya zo da kansa, dogon mutum siriri, takalminsa duk jar laka ta hanya. Gwaggon tana biye da shi, ita kuma yarinyar tana riƙe da jakar kayanta a ɗaure. Tun da safe ta haɗa, wai don kada a ce ta tsaya jan jiki in hukunci ya faɗa a kanta. Na miƙa masa katin sakamakon da hannu biyu, na gaya masa ta wuce aji biyu. Ya juya katin gaba da baya, ya mayar mini.

"Malam, ni ban iya karanta wannan ba. Gaskiya nake so. Ta iya ne, ko tausayi kuka ji?"

"Baba, ga ta nan. Gwada ta da abin da kai ka san amsarsa."

Ya dube ni, ya dube ta. Sai ya tattare rigarsa ya tsuguna a tsakar makaranta, ya ce bana ya buɗe sabuwar gona a bakin rafi, bayan ta taho Keffi. Layi talatin da biyu, kowane layi tsibi ashirin da biyar. Iri nawa ya binne?

Ta ajiye jakar, ta tsinci tsinke, ta durƙusa gabansa. Na ga ta raba talatin da biyun gida biyu, talatin daban, biyu daban, ta yi kowanne, ta haɗa. Ta rubuta ɗari takwas a ƙasa. Ni na riga na saki numfashi. Amma ba ta faɗa ba. Ta tsaya tana kallon lambar, tsinken yana hannunta, har gwaggon ta fara taɓa ta da ƙafa.

"Baba," ta ce, "bakin rafi wajen da muke tsintar ɗorawa?"

"Nan."

"To ai itacen yana tsakiya. Ba a yin tsibi a gindinsa, saiwa ba ta bari. Tsibi nawa ya ci?"

Fuskar mutumin ta saki a hankali, ya yi wata gajeriyar dariya, ya faɗi wata magana da harshensu wadda ta sa gwaggon rufe baki da mayafi. Ya ce, "Goma sha huɗu."

"Ɗari bakwai da tamanin da shida."

Ya daɗe a tsugune yana kallon rubutun ƙasar da ba ya iya karantawa. Da ya miƙe, ya ce, "Haka na yanka. Ko ɗaya ba ta ƙara ba." Ya ɗauki jakar da kansa ya miƙa wa ƙanwarsa. "Mayar da wannan ɗaki. Hutu kawai za ta zo, ta dawo." Gwaggon ta ce, "Uwarta fa, Yaya?" Ya ce, "Za mu san yadda za mu yi. Ni ma ina da hannu." Yarinyar ba ta yi tsalle ba, ba ta yi kuka ba. Ta sa tafin hannu ta share lissafin da ke ƙasa a hankali, ta miƙe ta tsaya kusa da ubanta, kafaɗarta tana taɓa hannun rigarsa.

Abin da wannan ya koya mini, wanda har yau nake gaya wa sababbin malaman da ake turo mini, shi ne: yaranmu suna shigowa aji da abu biyu daga gida, ilimin da ba a rubuta ba da kuma tarbiyyar da ke hana su kunyata babba. Malamin da bai nemi na farkon ba zai yi ta gini a kan iska. Wanda kuma bai lura da na biyun ba zai shekara yana jin "e" yana murna, yara suna nutsewa a gabansa cikin ladabi. Aikinmu ne mu sama musu hanyar da za su nuna abin da suka sani, su kuma faɗi abin da ya shige musu duhu, ba tare da sun zubar da abin da iyayensu suka dasa musu ba.